Tudun Ƙofar Cima

Garhanga, 9 ga Maris 1987

Zuwa ga aminiyata Cima,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da mutanen Deule. Yaya ƙafarki, yaya baƙunta?

Na fita takaba. Bayan rashin Malam, babu abin da ke ci mini rai kamar ganin ɗakinki a rufe tun da zargin maita ya fitar da ke daga gari. Har yanzu Gajere mai amalanke yana yawo da maganarsa, wai kullum a ƙofarki Malam ke dafe ƙirji, a nan kuma ya faɗi, don haka ke kika kama kurwarsa. Ni da muka tsufa muna daka a turmi guda ban yarda ba, amma bakina ɗaya ne. Na rubuta wa autana Nuhu a Dakar. Ki ƙara haƙuri.

Taki,
Zaliha

Garhanga, 21 ga Agusta 1987

Cima ƴar'uwata,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarki da ta masu masaukinki. Yaya damina? Ki gyara zama, yau da albishir na zo.

Nuhu ya zo hutu da wani kwali, yana riƙonsa kamar jinjiri. Ashe aikinsu ke nan a lakkol, wato makarantar koyon likita: suna ƙera jijiyar zuciya da gilashi, su tura ruwa ciki, su ga yadda jini ke gudu. Tun ranar da likitan asibitin Galmi ya gaya masa shi kaɗai cewa jijiyar zuciyar ubansa ta tsuke ya sa kansa wannan karatu.

A ƙofar Maigari ya shimfiɗa kayansa. Tiyo biyu ne na gilashi, ɗaya mai faɗi sambal, ɗaya da ƙugu a tsuke kamar zanzaro, kowanne da ƙwarya tare a bakinsa. Ni na dafa zoɓon da ya zama jini. Ya miƙa wa Gajere ƙwallon robar da ke tura ruwan, ya ce ita ce zuciya, ya matsa a hankali kamar mai tafiya a fili. Ruwa ya wuce ta duka biyun. Sai ya ce ya matsa da sauri, kamar mai hawan tudu. Cima, da idona na gani! Mai faɗin ya cika ƙwaryarsa, mai ƙugun kuwa ruwa ya yi ta murɗawa a bayan matsin, ƙwaryarsa ko rabi ba ta kai ba. Gajere ya yi gumi, ya kasa tura shi.

Nuhu ya tambayi jama'a gidan wa ke kan tudu in an taso daga fadama. Sai tsohon liman ya ce shi ma a ƙofarki yake tsayawa ya maida numfashi, kuma kurwarsa tana nan daram. Aka fashe da dariya. Ni kuka na yi. Ashe duk shekarun nan Malam da ciwo yake hawan tudun nan, ya shigo gida yana yi mini murmushi.

Maigari ya yanke magana a gaban kowa: Gajere da kansa zai zo da amalankensa ranar Jumma'a ya ɗauko ki, bayan ya roƙi gafararki gaban danginki. Ki bar shi ya ɗan jima a durƙushe.

Na share ɗakinki, na shafe ɗaɓen. Akuyarki ta haifi biyu. Za ki tarar da ni a ƙofarki, zaune kan dutsen da Malam ke hutawa.

Ki gaida kowa. Allah Ya kawo ki lafiya.

Taki har kullum,
Zaliha