Bindigar Ganin Wata

Zuwa ga yayana Mamman Mafarauci, wanda ya riga mu kwanta dama.

Bayan gaisuwa irin ta ƙane ga wansa, da fatan kana cikin rahama. Ka san ni, ko alif ban iya ja ba. Baki nawa ne, hannu na wani, kuma na ce a rubuta yadda na faɗa, kada a gyara mini.

Maganar bindigarka ce, harbi-ka-rugan nan da ka bar mini. Ba ta nan yadda ka bar ta, gara ka ji daga bakina.

Ka tuna aikinta. Tun da barewa ta ƙare a dajin Damargu ba ta ƙara cin harsashi ba. Albarushi da tsumma kawai, baki sama, a harba in an ga watan azumi, a harba in an ga na salla. Ƙauyuka har hanyar Ollelewa da ƙararta suke ɗaura niyya. Kullum kana cewa wata na Allah ne, amma sanarwa ta gidanmu ce. Salula ta shigo, mutane na jin labari kafin in gama ɗura albarushi, ban fasa ba.

Bara aka ga wata, na fito ƙofar gida na harba. A zamaninka guɗa ke biyo baya. Wannan karon gari ya watse. Ba a daɗe ba da 'yan fashi a kan babura suka tare 'yan kasuwa a hanyar Tarka, kunnen kowa a tsaye yake. Buzayen da ke shayar da raƙuma suka bar guga cikin rijiya suka kora. Hajo, matar maƙwabcinmu Sale, ta tsallaka danga da goyo ta karye a ƙafa. Har yau tana ɗingishi. Ta ci gaba da gaishe ni, amma ta daina tsayawa.

Daga baya sanarwa ta zo, wai duk mai bindiga babu takarda ya kai wa jandarma. Gardama ta tashi a gindin gawo. Ɗana Habu, da ka bari yana rarrafe, yanzu magidanci ne. Shi ya ce kowa ya sayar da awaki ya sayi tasa bindigar daga arewa, don kafin jandarma su iso daga Tanut ƙurar babura ta kwanta. Liman ya ce bindigar da aka saya don ɓarawo, a rigimar gona da makiyayi take fara cin mutum. Na zauna na ji su. Habu bai yi ƙarya ba, Liman ma bai yi ba. Duk dai zancen bindigar kisa suke, babu wanda ya tuna akwai ta sanarwa.

Na ƙi kai ta. Maigari ya aiko, na ce kunnena ya yi nauyi. Ya zo da kansa, na ce ba gadonsa ba ce.

Da damina na shiga ɗaki na iske Habu yana gwada guntayen ƙusa a bakinta. Shanun Fulanin da muke shan nononsu ne suka shiga masa gero. Ban yi masa faɗa ba, na karɓe kawai. Maganarka ce ta faɗo mini, cewa bindiga ba ta san sunan kowa ba.

Washegari na kai wa maƙeri, ya raba ƙarfen da icen. Na shiga mota na kai ƙarfen Tanut. Kwamandan jandarma ya juya shi, ya nemi sauran. Na gaya masa doka ƙarfe take nema, ice ba ya harbi. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya sa aka jefa shi kan tarin wasu. Ban tsaya kallo ba.

Icen na rataye inda ka saba rataye ta, Yaya. Wurin da babban yatsanka ke zama ya loɓa, ya yi baƙi, ya yi sulɓi. Yatsana ba ya cika shi.

Bana na ga wata da idona, siriri, bisa gawo. Na ɗauki sanda na bi gida gida ina sanarwa da baki. Gidan Hajo na fara. Ta ce sun riga sun ji a salula, amma ta shimfiɗa mini tabarma ta kawo ruwa. Ƙauyuka ban kai gare su ba, ƙafar ba ta da wannan ƙarfin. Sanarwar dai ba ta bar gidanmu ba.

Allah ya haskaka makwancinka kamar farin wata, ya sanyaya zuciyar Habu, ya ba Hajo lafiyar ƙafa. Ya sa in na zo ka karɓi bayanina.

Ƙanenka mai taurin kai,
Laminu na Falanko