Tutar da Na Riƙe a Kwanar Rimi

Zuwa ga yayata Amoin,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Allah ya sa sanyin Lyon bai takura muku ba. Mu nan Toumodi lafiya lau, ƙafar Mama ta yi sauƙi, Ahou matar ƙaninmu Loukou kuma ta sauka, an sami namiji.

Na san labarin hatsarin Loukou ya iso ki, amma ba ta bakina ba. Ranar tseren motocinmu ni aka ba tuta a kwanar rimi, inda direba ba ya hango abin da ke gabansa. A kan idona tsohuwar motarsa ta ƙwace, ta yi adungure biyu, ta kife a tsakiyar hanya tana hayaƙi. Yaya, har na ɗaga ƙafa zan ruga, sai na ji rurin motoci huɗu suna tahowa cikin ƙura. Dokarmu ɗaya ce, mai tuta ba ya barin wurinsa. Na tsaya ina kaɗa tutar rawaya, hawaye na zuba, har duka huɗun suka rage gudu suka kauce masa.

A lokacin ne Firmin mai faci ya tsallako igiyar 'yan kallo, ya yanke bel ɗin kujera, ya jawo Loukou waje. Har hular kwano ya fizge masa, abin da aka hana mu yi saboda ƙashin wuya, Allah dai ya kiyaye. Shi kansa Firmin ɗin tutata ce ta hana a take shi.

To, yanzu Firmin ne ɗan gida. Mama ta kirɓa masa sakwara da miyar kwakwa, tana gaya wa maƙwabta wai bare ya shiga wuta, ɗan'uwa kuwa yana tsaye yana fifita da tsumma. Ba zan ɓoye miki ba, kishi nake ji, kuma yana cina. Kin san tun cikin Ahou na wata uku Loukou ya yi mini alkawari sunana zai sa wa yaron.

Jiya aka yi baftisma, aka raɗa wa yaron suna Firmin. Aka miƙo mini jaririn, na karɓa, na ce masa sannu da zuwa Firmin, kowa ya tafa.

Don Allah in kin kira Mama ki yi mata bayanin tutar nan, ke tana jin maganarki. Ki gaishe da maigida Brou, da Akissi, da auta N'Dri.

Ni ne ƙaninki,
Anatole, wanda har yanzu ba shi da takwara a gidan.