Ashe Kunnen Nahla Ne

Jambutu, Jimeta.

Zuwa ga yayana Hamma Bobboyi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da Adda Munirat da yara. Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare ku a can Fatakwal. Mu nan lafiya lau, ƙafar mahaifiyarmu Dada ma ta yi sauƙi har tana zuwa Gwadabawa gaisuwa.

Hamma, albishir nake tafe da shi! Ka san yadda ɗiyata Nahla ta koma tun ranar da bam ya tashi a kasuwa muna ciki. Ka kira ta ba ta waigowa, a makaranta ba ta gane komai, har hedimasta ya ce mu hutar da ita a gida. Kowa ya ce firgita ce. Shekara da shekaru ina kai ta cibiyar nan ta kula da yaran da rikici ya shafa, ana yi musu wasanni da hira don su saki jiki, amma ita shiru.

To bana ma'aikaciyar da ke kula da mu, Madam Nwadiuto, ta ce sun daina aiki da zato, sai sun bincika sun ga ko abin da suke yi yana amfani. Ita da wani mai bincike daga jami'a, Malam Silas, suka bi gida-gida suna tambayar iyaye inda yaro yake lokacin da abin ya faru, da yadda yake yanzu. Da suka haɗa bayanan, sai suka ga yawancin yaran sun samu sauƙi, amma waɗanda suka tsaya cak kusan duk suna dab da wurin da ƙarar ta tashi. Nan Madam ta ce a duba kunnuwansu.

Hamma, ashe yarinyar nan ba ta ji ne! Likita ya ce na hagu ya lalace, na dama kuma kaɗan yake ɗauka. An sa mata 'yar na'ura a kunne. Muna fitowa daga asibiti wani mai keke Napep ya danna hon, ta zabura ta ƙanƙame ni, sai kuma ta fashe da dariya. A hanya ta tambaye ni wai dama haka muryata take. Sai na rungume ta ina kuka. Yanzu ta koma makaranta, tana zama a gaban aji, kuma surutunta ya ishi Dada. Cibiyar ma ta canza tsari, duk yaron da aka kawo sai an fara gwada jinsa. Sun ce in zo taron iyaye in ba da labari, ni da ban taɓa riƙe makirufo ba!

Ga roƙona. Ɗanka Suhaib yana nan wurinmu a lokacin, yana riƙe da zanina a kasuwa ranar da bam ɗin ya tashi, kuma Adda ta gaya mini kana yawan yi masa faɗa, wai ana magana yana share mutane. Don Allah, kafin ka sake ɗaga masa murya, kai shi a duba kunnensa.

Ka gaishe mini da Adda Munirat, da ɗanka Umair, da maƙwabcinku Baba Chimobi. Dada tana sa muku albarka. Nahla ta ce ka kira waya, da kanta za ta ɗauka.

Ƙanwarka,
Asta