Rediyon Malam da Batirin Funtuwa

Lahadi, 3 ga Fabrairu, 1957, Daudawa

Jiya aka yi sadakar arba'in ɗin maigidana, Malam. Yau baƙi sun watse, gida ya yi mini faɗi. Na ɗauko wannan littafin nasa daga cikin adaka. Rabin farko duk sunayen tashoshi ne da hannunsa: London, Alƙahira, Barazabil, Dalhi, Masko, kowace da lambarta da lokacin da ya kama ta. Rabin baya fari fat. Shi ya koya mini boko, ba wanda zai ce na yi sata in na cika shi.

Rediyon na kan tebur inda ya bar shi. Dada, uwar Malam, ta lulluɓe shi da tsohon zane. Tun ranar da motar auduga ta kife da Malam a hanyar Funtuwa ba ta ƙara kallon akwatin nan ba. Batir ya je saye. Batirin ya iso gida cikin kwalinsa, ko ƙwarzane babu. Shi kuwa sai ɗauko shi aka yi.

Talata, 5 ga Fabrairu

Na yaye zanen.

Bayan sallar asuba na haɗa batirin yadda na sha ganin yana yi. Da farko shuuu kawai, kamar ana zuba gero a ƙwarya. Na bi allurar a hankali har inda littafi ya ce. Sai ga karatun Alƙur'ani daga Alƙahira, yana zuwa yana komawa kamar iska ke wasa da shi.

Dada ta tsaya bakin ƙofa. "Suwaiba, mi nike ji?"

Na ce karatu ne, Dada, daga Masar.

"Da batirin da ya kashe mani ɗa?"

Na ce mota ce ta kife, kwana ne ya ƙare. Batir bai kashe kowa ba.

Ba ta ci tuwona ba yau. Na ba 'yarmu Asma'u nata, na rufe saura. Ban kashe rediyon ba sai da mai karatu ya kai aya.

Alhamis, 14 ga Fabrairu

Yaya Mani, wan Malam, ya zo daga Damari a keke. Ko ruwa bai sha ba ya fara. Wai labari ya kai har Sabuwa cewa matar ƙanensa na cikin takaba tana jin kiɗan kafirai. Wa ya kai labarin? Na san bakin, amma bari.

Na aika matar liman ta tambayar mini mijinta, Malam Zailani. Ta dawo ta ce ya yi dariya, ya ce abin da ya sani mai takaba ba ta ado, ba ta turare, ba ta fita. Bai ga inda aka ce ta toshe kunne ba. Sai dai in na ci karo da kiɗa in wuce.

Ina wucewa. Banda na Dalhi, wannan nakan ɗan yi jinkiri. Malam ya ce can ya fara jin irinsa lokacin da aka bi da su zuwa yaƙin Bama. Allah ya yafe mini.

Juma'a, 22 ga Fabrairu

Ina wanka Yaya Mani ya sa gora ya fizgo wayar eriya daga kan ceɗiyar tsakar gida. Wayar da Malam ya hau da kansa ya ɗaura, ina ƙasa ina riƙe masa tsani ina ta salati. Ya naɗe ta, ya ɗaure a bayan keke, ya tafi. Dada na zaune tana kaɗi, ba ta ɗaga kai ba.

Ba waya, ba murya. Na juya allura daga wannan ƙarshe zuwa wancan, shiru.

Ina ta tunanin wata rana da damina, da iska ta tsinke wayar, abin da Malam ya yi kafin a gyara. Na san ya yi wani abu. Me?

Asabar, 23 ga Fabrairu

Na tuna! Gadon ƙarfe. Na ɗaura guntuwar wayar da ta rage a jikin ragar gado. Gado ya kama London. To, ya zo ya ɗaure gadon a bayan keke.

Laraba, 6 ga Maris

Yau ko'ina na taɓa maganar Gwalkwas ake yi, da Turanci, da Larabci, har da harsunan da ban san sunansu ba. Ba na jin abin da suke cewa, amma sunan ƙasar na fitowa, ga tafi da sowa a baya. Ranar nan Malam ya yi ta jira. Ya ce ran da baƙar fata suka karɓi mulkin kansu a can zai yanka jan zakaransa, don ya yi zaman bariki ɗaya da sojojinsu.

Na aika da zakaran zuwa gidan liman aka yanka. Dada ta ci cinya. Ba ta tambayi dalili ba, ni ma ban faɗa ba.

Laraba, 20 ga Maris

Abin da ya faru yau sai na rubuta shi duka.

Da hantsi ina neman Barazabil, allura ta zarce. Sai na ji mutum yana Hausa. Hausa sak, irin tamu, ba ta Bature ba. Na ce ko Kaduna ce na faɗa? Na duba lamba, ba wurinta ba ne. Can sai ya faɗa da bakinsa cewa daga London yake magana.

Na ƙure murya ba tare da na sani ba. Dada na tsakar gida da mazarinta. Mutumin ya gama, ya yi sallama, sai na ji daga waje an ce, "Wa alaikumus salam."

Ta taso ta leƙo, karon farko ke nan da ta dubi akwatin.

"Wanga ɗan Musulmi ne?"

Na ce da alama.

"Shina can Ingila? Wa ke tuƙa mashi tuwo?"

Na ce ban sani ba, Dada.

"Uwarshi ta san inda yake?"

Dariya ta kusa ƙwace mini. Sai ta ce, a hankali, ba da ni take ba, "Almu bai ji wanga ba." Malam take nufi. Ta koma kan kaɗinta. Zaren ya tsinke mata sau uku, ina ƙirgawa.

Na rubuta tashar a gefen nasa, ƙarƙashin Masko. Rubutuna ya fi nasa muni.

Lahadi, 24 ga Maris

Rabon gado. Malam Zailani da dattawa biyu a zaure, ni a bayan asabari. Aka fitar da na Asma'u, aka fitar da na Dada. Da aka zo kan tumunina, liman ya ce zai kai karsanar nan ja, ko kuwa rediyo, in zaɓa.

Na ce rediyo.

Yaya Mani ya ce, "Allah gafarta Malam, a sake tambayarta. Karsana za ta haihu. Akwatin nan mi zai haifa?"

Na ce na ji, Yaya. Rediyo.

Sai ya miƙe. Ya ce shi ba sayarwa yake so ya yi ba, da ya faɗo rabonsa rijiya zai jefa shi. Ya ce shi ya je bakin hanya ya ɗauko ƙanensa, shi ya yi masa wanka, shi kuma wani ya miƙa wa kwalin batir ya ce ga kayan mamaci. Muryarsa ta karye a nan. Ban taɓa jin Yaya Mani haka ba. Ban kuma san shi ya kawo kwalin ba.

Duk da haka rediyo na ce, kuma rediyo aka ba ni.

Kafin ya fita ya ce ran da batirin nan ya mutu, ba ɗan gidan nan da zai sake bin hanyar Funtuwa saboda shi. An kuma yanke cewa bayan salla, in na fita takaba, Dada ta koma Damari wurinsa, ni da Asma'u mu koma gidanmu Ketare. Madalla. Na gaji da gidan da ake kallona kamar mahaukaciya.

Talata, 9 ga Afrilu, azumi

Murya ta fara ja da baya. Sai na manna kunne. Na rage saurare: Alƙahira kaɗan da safe, sai ranakun da London ke Hausa. Dalhi kam na haƙura.

Abin mamaki, duk ranar Hausa inuwar da Dada ke so sai ta zama ta bakin ƙofata.

Juma'a, 12 ga Afrilu

Malam yakan ce batir in ya sha rana yana ɗan farfaɗowa. Na fitar da shi kan turmi. Na shiga ɗaki na fito na tarar Dada ta juya shi ɗaya gefen, kamar mai shanyar kuɓewa. Da hannunta. Ta ga na gani, ta ce kaji take kora.

Asabar, 20 ga Afrilu

Ya mutu. Ana cikin karatu muryar ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, ta ɗauke.

Abin ƙarshe da Malam ya saya da hannunsa ke nan. Ranar da aka kawo gawarsa ban yi kuka ba, mata har suna cewa zuciyata dutse ce. Yau na yi, a kan kwali da waya biyu. Dada ta shigo ta zauna bakin gado. Abin da ya biyo baya ba na littafi ba ne.

Alhamis, 2 ga Mayu

Salla ta wuce, takaba ta ƙare. Na yi kitso, na sa lalle, hannun kamar ba nawa ba. Kawu Hadi ya iso daga Ketare da jakuna biyu don kwashe kayana. Na ce masa kafin nan akwai inda zai raka ni. Da ya ji Funtuwa ya ce, "Ke Suwaiba, ba ki da hankali?" Na ce Yaya Mani ɗan gidan nan ya ce, ni kuwa 'yar Ketare ce. In ba zai raka ni ba zan tafi ni kaɗai, ya zaɓi wanda za a fi zaginsa a kai.

Na sayar da zaren da na kaɗa cikin takaba da kaji uku.

Litinin, 6 ga Mayu

Na je, na dawo.

Da safe Dada ta riƙe gefen mayafina a zaure. "Kada ki tahi." Na ce sai na je. Sai ta saki, ta ce wa Kawu, "Ku zauna kusa da direba. Kada ku hau bisa kaya."

Motar kanwa da buhunan dawa ce. Da muka kusa wata gangara mai kwana, Kawu ya hau ba ni labarin rikicin gonar wani a Ƙanƙara, da ƙarfi, ba numfashi. Nan na gane wurin ne. Ban sauke kai ba, na duba. Ba komai sai rami da ƙaya, har yanzu da 'yar auduga maƙale a jikinta, ta yi baƙi. Na yi masa addu'a. Mota ta wuce, kamar kowace mota.

A kanti mai sayarwa ya miƙa wa Kawu batirin. Na ce ni za a ba, kuma a gwada shi a gabana. Ya dube ni, ya gwada. A cinyata na riƙo shi har gida. Nauyi kamar dutsen niƙa.

Mun iso rana ta yi ja. Tun daga nesa na hango mutum tsaye a bakin hanya da goyo. Dada ce, da Asma'u a bayanta. Mai ƙosai ta ce tun azahar take nan, ta ƙi zama. Na sauko na gaishe ta. Ta duba fuskata, ta duba hannuwana, ta duba ƙafafuna, sannan ta ɗaka mini duka a kafaɗa.

"Kun daɗe," ta ce. Ta juya ta yi gaba.

Laraba, 8 ga Mayu

London tangaram, har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Na kuma kama wata sabuwa da Faransanci, ban gane ko ta wace ƙasa ce ba. Na rubuta lambarta na bar wurin suna.

Lahadi, 19 ga Mayu

Kawu Hadi ya koma Ketare tun makon jiya, jakunansa ba kaya. Na yi masa bayani: akwai kwalabe a cikin rediyo, sirara kamar ƙwan fitila, jaki ɗaya ya yi tuntuɓe shi ke nan. Ga ruwan farko ya sauka, hanya ta lalace. Sai rani, in Allah ya kai mu. Ya ce ya ji. Ban ga abin murmushi a maganar ba.

Yau Yaya Mani ya zo ɗaukar Dada. Na gaishe shi, na kawo masa fura, ya sha. Ya ce ta haɗa kaya. Ta ce ƙafarta na ciwo. Ya ce ya nemo doki. Ta ce baya ma na ciwo. Ya ce to wa zai kula da ita a nan?

Ta ce, "Ni da ɗiyata muna nan. Ka gaida mutanen Damari."

Ina bakin murhu, bayana na gare su. Ban juyo ba. Wataƙila bakinta ne ya suɓuce, tsufa ne.

Na zuba mata man shanu da yawa a tuwo, don ya kusa lalacewa ne. Gobe in ƙasa ta yi laushi za mu shuka gyaɗa a bayan gida.