Ki Dawo, Ko Ki Aiko Da Akuyar

Zuwa ga hasken idona, sanyin randar gidana, Nana Hauwa 'yar Bappa Dalhatu, wadda duniya ke kira Maman Najeeba, ni kuma nake kira a zuci da sunayen da in na faɗe su a fili sai kin jefe ni da muciya.

Ya farin watan da ya bar Shamaki a duhu ya tafi haska Federal Low-Cost, unguwar da ko ba wata suna da sola! Ya kindirmon da ba a sirka da ruwa ba! Ya inuwar bishiyar maina a tsakiyar zafin watan huɗu! Gaisuwa mai yawan ruwan madatsar Dadin Kowa daga mijinki Hudu kafinta, wanda ya yi aji biyu a sakandare ya ga ya kamata ya bar wa na baya sauran ilimin. In kin ga kuskure a rubutun nan, ki ɗora shi a kan sauran kurakuraina, akwai wuri.

Yau kwana shida ke nan da kika tsayar da Keke Napep a ƙofar gida, kika saka jakarki, kika saka akuyarki Gimbiya, kika bar ni tsaye da guduma a hannu. Akuya ta samu kujera, miji bai samu ko harara ba. Ban ja da hukuncin ba. An bi cancanta.

Bari in faɗi laifina da bakina, tunda shi ya jawo. Kin tuna bara, da Zaharadeen ɗan maƙwabcinmu Alhaji Nuruddeen ya haɗa fim ɗin barkwanci da abokansa suka ɗora a intanet? Kin tuna mun kalle shi a wayar Najeeba, muna zaune kan tabarma ɗaya, kina tsince shinkafa, kika yi dariya har faranti ya kife kaji suka yi walima? Ranar na ga wushiryarki sau bakwai. Na ƙirga, don ba kullum take fitowa ba, kamar ruwan famfonmu. Wallahi tun ranar nake jin duk abin da zai sake fito da wushiryar nan alheri ne.

To da suka zo yin kashi na biyu sai labari ya ƙare musu. Suka zo rumfata suka zauna kan benci, suka ce wai duk Shamaki ba wanda ya kai ni iya zance. Ke kin san ni. A yabi bakina, sai in buɗe shi har ƙofar baya. Na ce musu ai ni a gidana ake fim kullum ba kyamara. Na ce matata 'yar kunya ce ta asali, shekara ashirin da biyu ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa yi mini faɗa ido da ido ba. In na ɓata mata rai, akuya take kai wa ƙara ina tsaye a wurin. "Gimbiya, ki gaya wa wani mutum cewa ƙofar kicin ta cika shekara a karye, ko a unguwar nan babu kafinta ne?" Haka kika yi da Gimbiya, haka kika yi da uwarta, haka da kakarta. Zuriya uku ta awaki sun san halina. Yaran suka yi ta rubutawa, ni kuma ina ƙara musu, ina jin kaina kamar malamin jami'a.

Sannan allurar rigakafin nan. Eh, ita. Kwana uku a jere ina jan Gimbiya da igiya wai za mu wajen likitan dabbobi, har kina cewa Allah Ya yi wa likitan albarka, ya san aikinsa. Babu likita, ya taurarona. Wajen ɗaukar fim nake kai ta. A tunanina na mai aji biyu, za ki gan ta a talabijin ki yi murna.

Ranar Asabar bayan la'asar aka tara unguwa a tsakar gidan Alhaji Nuruddeen, aka fito da babbar talabijin. Mata kan tabarmi, maza kan bencina da na ƙera. Kika ci ado da sabuwar atamfarki mai ruwan ganye, kika zauna kamar dawisu a cikin zabi. Aka fara. Ga wata a fim ɗin wai ita Maman Jummy ta fito da kwanon dusa, ga akuya ta biyo ta, ƙahon hagu a karye, farin tabo a goshi. Sai Lami mai ƙosai, wadda Allah bai halicce ta da ƙaramar murya ba, ta ce, "La ila! Wannan ba Gimbiyar Maman Najeeba ba ce?" Kawuna suka juya gaba ɗaya kamar an yi sallamar salla, sai dai dama da hagu duk a kanki suka sauka.

Kai, jama'ar Shamaki sun iya kallo! Malam Ibrahim Khalil, malamin firamaren nan da ya shigo yana cewa kashi na biyu bai taɓa kai na ɗaya ba tun da aka fara fim a duniya, shi ne ya yi dariya har hularsa ta faɗa bokitin zoɓo. Ya tsamo ta ya matse, ya ce duk da haka babu darasi a ciki. Alhaji Nuruddeen, dattijon da ko a ɗaurin aure ba ya murmushi, ya ce a mayar baya a sake nuna wajen ƙofar kicin. Sammy mai walda yana ta bubbuga bayana yana cewa, "Oga Hudu, ai kai ne wani mutum!" Ni kuwa, gwanin gwanaye, zakaran da ya yi cara a kan wuƙa, na fi kowa ɗaga murya, ina nuna ƙirjina don kada wani ya rasa sanin inda hikimar ta fito. Ban waiga na dube ki ba. Da na waiga, da na ga kin daina motsi.

Sai aka zo wurin da ya raba ni da barci.

Kin san wurin. Bara da taifot ta kwantar da ni, rannan da azahar kina ba Gimbiya harawa a gindin taga, kina zaton na yi barci. Na ji kin ce a hankali, "Gimbiya, in wani mutum ya mutu, wa zai riƙa ɓata mini rai?" Sannan na ji kin ja hanci. A fim sun sa wa maganar nan kiɗan ganga, suka sa akuya ta amsa da "meee". Tsakar gida ta fashe. Mata suna tafawa, wani yana riƙe ciki yana roƙon a tsayar ya sha iska. Ke kuma kika miƙe, kika gyara mayafi, kika sa takalmanki ɗaya bayan ɗaya ba gaggawa, kika fita. Ko a fitar ma kin fi su aji.

Me ya sa na faɗa musu? Na tambayi kaina na tambayi guduma. Nana, wasu mazan suna da takardun shaida a bango, wasu suna da hoton Makka. Ni abin da na mallaka na nunawa a duniya shi ne maganar nan guda ɗaya. Shekara ashirin da biyu ina jiran ta, kuma ko da ta zo ba a ba ni ita hannu da hannu ba, ta taga na tsinta. Daɗinta ya yi mini yawa na kasa riƙewa ni kaɗai. Ba hujja ba ce. Wauta ce mai dalili, amma wauta ce.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba: Goggo Khairiyya, wadda mijinta ya rasu shekara biyu da suka wuce. Ta tare ni a zaure ta ce, "Hudu, an ba ka zinariya ka kai ta wa 'yan gwangwan." Ta wuce da sandarta. Malam Ibrahim Khalil ya ce babu darasi. Da ya tsaya a zauren da ya samu.

Masu kallo na intanet ma ba a bar su a baya ba. Najeeba na karanta mini, da muryar da ta gada a wajenki. Wani daga Katsina ya ce akuyar ta fi kowa iya wasa. Wani ya ce mijin bai cancanci matar ba, mutum ɗari biyu suka danna masa alamar yarda, ciki har da 'yata ta cikina. Na je na sa Zaharadeen ya yanke wurin. Ya yanke, yaron kirki, har da ba da haƙuri. Amma ya riga ya bazu a wayoyi, yanzu kuma ana zaginsa wai ya cire wurin da ya fi daɗi.

Saƙonki ya iso ta bakin yayarki da kika sauka gidanta, Adda Fauziyya, wadda tun ranar ɗaurin aurenmu take cewa ba ni da komai sai baki, yau kuma Allah Ya nuna mata ranar da ta yi gaskiya, ina taya ta murna. Ta ce kin ce ba za ki sake taka Shamaki ba, unguwar da za ki fita awo a tambaye ki ina akuya. To saurari abin da na yi. Jiya da hantsi na je teburin mai shayi, lokacin da ya fi cika, na tsaya na ba su labarin da kika rufa mini asiri a kai shekara goma sha tara: ranar haihuwar Najeeba, yadda na ga allura na sume a barandar asibiti, su ungozoma suka bar ki kina naƙuda suka zo suna yi mini fifita. Ban rage komai ba, har da wandon. Kafin azahar labari ya kai har unguwar Gabukka. Yanzu ba mai tuna akuya. In na wuce, Lami mai ƙosai sai ta ɗaga murfin kwano ta hau yi mini fifita. Ki zo ki gani, dariyar ta dawo kan mai ita.

Sai da na gama faɗa na lura da wani abu. Ke kin riƙe nawa shekara goma sha tara ko akuya ba ki gaya wa ba. Ni naki bai shekara a cikina ba.

Ki dawo, ya ruwan farkon damina! Gida ya zama kango. Miyar Najeeba gishiri ne da ɗan ruwa, kuma na san da gangan take yi. Ƙofar kicin na gyara ta, na sa mata sabon pata, wato ƙarfen da take juyawa a kai, tana buɗuwa tana rufuwa ba mai gani. A rumfa kuwa yanzu ƙusoshi nake cika bakina da su tun safe, ko ba na buƙatarsu, don in an yabi bakin ya rasa hanyar buɗuwa. Kuma na ji Gimbiya ta cinye furannin mijin Adda har da na tukunya. Ki tausaya wa bawan Allah ko ba ki tausaya mini ba.

Saura magana ɗaya. Ranar nan a gindin taga, bayan kin ja hanci, kin ƙara faɗin wani abu. Na ji shi sarai. Shi ban gaya wa Zaharadeen ba, ban gaya wa mai shayi ba, ba zan rubuta shi a nan ba don na san Najeeba za ta buɗe takardar nan a cikin keke. Yana nan inda kika ajiye shi, kuma da shi za a binne ni.

Na san ba za ki ba ni amsa ba, ba a taɓa yi ba. Ki gaya wa Gimbiya kawai, ki sa ta a keke. In na gan ta a ƙofar gida, zan share ɗakinki in jira.

Naki har ƙasa ta rufe wannan bakin,
wani mutum,
wanda ke zaune a gindin turken akuya.