Matan Marigayan Ma'aikata Ma 'Yan Ƙungiya Ne

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Adashi da Lamuni ta Ma'aikatan Kashe Gobara da Tsaron Jama'a, shiyyar Daura.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali da abokan aiki, ni ce Hauwa'u, matar marigayi Malam Isuhu, direban motar kashe gobara. Na zo ofishinka ban same ka ba, na bar saƙo ban ji amsa ba, shi ya sa na rubuto a fili.

Na farko, ina so in tuna maka asali, domin lokacin kana sabon ɗauka. Ƙungiyar nan a zauren gidanmu aka fara ta. Wani abokin aikinsu, Malam Haruna, ya ƙone a hannu wajen kashe wuta, ya yi watanni a kwance, iyalinsa suka sayar da akuyoyinsu kaf. Maigidana ya dawo daga duba shi ya kasa cin tuwo. A makon nan ya tara abokansa suka fara adashi, duk ƙarshen wata kowa ya ajiye abin da ya samu. Ni nake shimfiɗa musu tabarma, in dama musu kunu.

Da aka ƙaddamar da Shari'a, gardama ta tashi a kan kuɗin ruwa, har wasu suka ce a watse. Malam Isuhu ya bi malamai yana tambaya, aka tsaya a kan cewa ƙungiya ta sayi kaya ta sayar wa ɗan ƙungiya da ribar da aka sani tun farko, ya biya a hankali. Daga nan jama'a suka saki jiki. Gandirobobi suka shigo, masu kiyaye haɗurra suka shigo, sai 'yan sintiri daga Sandamu da Dutsi, har da na Kongolam can bakin iyaka. Yau kuna da ofis da mota da ma'aikata. Wallahi ina murna da wannan.

Na biyu, abin da ya same ni. Ta hanyar ƙungiya maigidana ya karɓar mini injin niƙa. Da ribar niƙa da man gyaɗa na biya shi har ya ƙare, kuma rabin abin da yake zubawa duk wata daga hannuna yake fitowa, sunansa ne kawai a rubuce. Bara ciwon ƙirji ya kwantar da shi, Allah ya karɓi abinsa. Kun zo ta'aziyya, kun kawo ajiyarsa cif, aka raba wa magada yadda addini ya ce. Ba na bin ku ko kwabo, kuma na gode.

Bayan na fita takaba na zo da zubina na wata. Yarinyar da ke karɓar kuɗi ta gaishe ni da ladabi, ta ce sabuwar doka ta ce sai mai albashin gwamnati, kuma da ma'aikaci ya rasu an rufe sunan gidansa. Ban yi mata faɗa ba, ba ita ta yi dokar ba. Na mayar da kuɗina bakin zane na dawo gida a ƙasa, don in samu in huce kafin yara su ga fuskata.

Na uku, abin da dokar ta jawo. Injina ya tsaya tun farkon damina. Oga Emeka mai kayan gyara ya duba shi, ya ce kan injin ya gama aiki, sai dai sabo. Masu ba da bashi da ruwa sun yi mini tayi, na ƙi. Mutumin da ya sha yawo don ya raba abokansa da kuɗin ruwa, ba zan shigo da shi gidansa bayan ransa ba. Matan unguwa sun koma niƙa wani wuri, 'yata Zainab kuma tana zaune a gida, zangon karatunta na makarantar kiwon lafiya ya wuce ta saboda rashin kuɗin makaranta.

Na san hujjarku: wanda ba shi da albashi, ba inda za a cire idan ya gaza biya. Magana ce mai ma'ana. To, a nemi mai tsaya mana. Malam Haruna yana nan da ransa, ya ce shi zai tsaya mini.

Roƙona shi ne a bar matar marigayi ta ci gaba da zubi da sunanta, a ba ta lamunin kayan sana'a idan ta kawo mai tsaya mata, sannan a sa wannan magana cikin abin da za a tattauna a babban taron shekara. Mu da yawa ne, mun kuma yi shawara za mu zo ranar. Ba hayaniya za ta kawo mu ba. Idan an ba mu wuri mu zauna, idan ba a ba mu ba, za ku same mu a bakin ƙofa da zubinmu a hannu.

Allah ya taya ka riƙon amana, ya tsare ku a bakin aiki, ya mayar da kowannenku gida lafiya ga iyalinsa.

Wassalam.

Hauwa'u Isuhu,
Daura.