Wai Ba Ƙyanda a Tafoki

Ikko, 9 ga Mayu, 1977

Zuwa ga Yaya Sha'ibu,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikin Baba, yaya gida? Ni lafiya lau, ɗakinmu ne dai ke yoyo, amma mun saba.

Ka san aikina buga takardu a ofishin likitoci. Yanzu suna tattara rahotannin bincike don su zaɓi garuruwan da za a fara kai wa rigakafin ƙyanda. Jiya na Tafoki ya zo hannuna, wai bara ƙyanda ba ta kashe yaro ko ɗaya ba. Sau uku na karanta.

Wa suka tambaya? Anya ma sun taka Tafoki? Ko kuwa kai suka iske a ƙofar gida, ka ce musu "lafiya lau" yadda ake ce wa baƙo, su kuma suka rubuta? Na san halinka.

Na yi magana, an ce sai da shaida. Don Allah ka sa Liman ya rubuto sunayen yaran da muka binne. Ka fara da ɗiyata ta fari. Tana raye ma kunya ba ta bar ni na kira sunanta ba.

Allah ya raya sauran.

Ƙanenka,
Almu